Tsakanin wayar 2021 da ta 2022: yadda muka saya wa ƙanwata sakan

A watan Nuwamban 2024 wayar ƙanwata ta mutu murus. Dama ta daɗe tana jan ƙafa. Gilashin ya tsage tun bara, bakin cajin kuma sai an karkata igiyar an danne ta da littafi kafin ya kama. Ranar da ta ɗauke, mai gyara ya buɗe ya ce injin ne ya ƙone, gyaran kuwa zai ci abin da ya kusa kuɗin wata wayar. Da daddare ta kira ni da wayar maƙwabciyarta ta ce, "Yaya, ga abin da ke hannuna. In sayi sabuwa ƙarama, ko in nemi babba ta hannu?"

Tambayar nan ta ɗauke mu kwana tara, kuma a cikin kwanakin mun ci karo da yawancin ramukan da mai sayen sakan ke faɗawa. Wasu mun tsallake, ɗaya mun faɗa.

Abin da wayar za ta yi

Ƙanwar tawa ita ke riƙe da lissafin wani ƙaramin kamfani. Ta waya take tura kuɗi, ta waya take karɓar shaidar biya, kuma kullum tana ɗaukar hotunan rasit tana aikawa a WhatsApp. Albashinta ma ta manhajar banki take juya shi. Ba ta buga wasanni, ba ta harkar bidiyo. Buƙatarta uku ce: kyamarar da ƙananan rubutu za su fito a cikinta ko da ofis ba haske sosai, batirin da zai kai ta gida, da wayar da za a amince a ajiye kuɗin mutane a kanta.

Sababbin da kuɗinta ya kai duk 'yan ƙasa ne. Ba na raina su, domin suna zuwa da abubuwan da sakan ba ta da su: batir sabo fil, garanti, da rashin tarihin wani a jikinsu. Amma yawancinsu ma'adanarsu eMMC ce, wadda ta fi UFS nawa wajen buɗe abu, kuma kyamararsu ba ta da na'urar da ke danne rawar hannu, wato OIS. Ga mai ɗaukar hoton rasit wannan ba ƙaramin abu ba ne. A lokacin Samsung ta fito da Galaxy A16 5G, a Oktoban 2024, da alƙawarin sabuntawa na shekara shida, kuma da kuɗinta ya kai da na tsaya na yi tunani sosai a kanta. Bai kai ba. Sai muka koma neman matsakaiciyar waya da ta ɗan kwana biyu.

Wayar farko

Ta gan ta ne a wani shafin saye da sayarwa: Galaxy A52s 5G, fara tas, ko ƙwarzane babu a hoto. Wayar ta fito a Agustan 2021, kuma a ajinta ta yi suna. Furosesarta Snapdragon 778G ce, batirinta 4,500 mAh, fuskarta AMOLED mai inci 6.5, babbar kyamararta megafiksel 64 da OIS, ga wajen saka memori, ga kafar iyafis. Mai sayarwar ya ce wata uku kawai ya yi da ita, ba a taɓa buɗe ta ba, kuma mutum biyu na nema, don haka in tana so ta tura kafin alƙalami. Ta kusa turawa. Na roƙe ta ta bari mu gani da ido, domin biyan kuɗin wayar da ba ka riƙe ba sayen kifi ne a ruwa.

Muka haɗu da shi a wuri mai jama'a da rana. Wayar kuwa a hannu ta fi hoton kyau. Na fara da lambar IMEI, lamba 15 da kowace waya ke da irin tata. Ana danna *#06# sai ta fito, mai layi biyu kuma lamba biyu za ta nuna. Na gwada da wadda ke cikin saitin, sun yi daidai. Kwali babu, rasit babu. Ya ce sun ɓata wajen ƙaura. Wannan kaɗai ba ya nuna wayar sata ce, mutane da yawa ba sa ajiye kwali, amma yana nufin maganarsa kaɗai muke da ita. Ƙungiyar GSMA, ta kamfanonin sadarwa na duniya, tana da rajistar da kamfanonin sadarwa ke shigar da lambobin wayoyin da aka sace, sai dai ba kowace sata ake kai rahotonta ba, don haka lamba ta fito ba laifi ba hujja ce cikakkiya ba.

Na saka layin ƙanwata, sabis ya kawo, kira ya shiga, murya ta fita ta ɓangarorin biyu. Na haɗa ta da intanet na bar ta a haka muna hira. Dalilin yin haka shi ne akwai wayoyin da ake ɗauka bashi ana biya kaɗan-kaɗan, kuma kamfanin da ya ba da bashin yana iya kulle su daga nesa idan biya ya tsaya. Irin wannan wayar tana iya aiki lafiya lau matuƙar ba ta hau intanet ba. Wannan ma ta tsallake.

A fuskar ne magana ta canza. Wayoyin Samsung da yawa suna da shafin gwaji da ake buɗewa da *#0*#, inda mutum zai cika fuskar da ja, da kore, da shuɗi, ya gwada taɓi da sifika da sauransu. Launukan sun fito, amma kamar an wanke su. Sai na buɗe baƙin hoto na kare hasken rana da tafin hannuna. A fuskar AMOLED kowane ɗigo shi ke ba da haskensa, saboda haka baƙi yana nufin ɗigon a kashe yake, baƙi ƙirin kamar wayar ba a kunne ba. Wannan kuwa toka-toka ya fito, ga haske yana tsiyaya ta gefen ƙasa. Fuskar LCD ce aka manna a madadin ta asali, irin mai fitila a baya.

Na ce ƙanwata ta gwada rajistar yatsanta. Ta danna sau wajen goma, ko motsi. Na'urar karanta yatsa a wannan waya ƙaramar kyamara ce a ƙarƙashin fuskar, tana leƙen yatsa ta cikin gilashin, fitilar bayan LCD kuwa ta toshe mata hanya gaba ɗaya.

"Malam, an canza sikirin ɗin nan," na ce masa.

"Wallahi haka na saye ta," in ji shi.

Mai yiwuwa gaskiya ya faɗa. Waya tana iya ratsa hannu uku kafin ta zo gare ka, kuma na ukun bai san abin da na farkon ya yi ba. Amma ga mai saye duk ɗaya ne. Fuskar ita ce ɓangaren da ya fi tsada a irin waɗannan wayoyin, kuma ita ce rabin dalilin zaɓen su. Ban da haka, wayar ta fito da shaidar IP67, wato ƙura ba ta shiga, kuma tana jure zama cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30. Wannan kariyar gam ne da roba da aka manna a masana'anta. Da zarar an ɓamɓare an mayar da gam na kasuwa, kada ka ƙara dogara da ita.

Ya rage kuɗin sosai nan take. Ƙanwata ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, ni fa ban damu da yatsan ba, zan riƙa saka lamba." Na fahimce ta: kwana huɗu ke nan tana aron waya a wurin aiki, kuma wannan kyakkyawa ce, ga sauri. Na ce mata ko da fuskar ta asali ce ina da wata damuwar da ta fi wannan, kuma ita ce ta sa muka ba shi haƙuri muka tafi.

Shekarun da ba a rubuta a jikin waya ba

Mutum yana duba jikin waya ya ƙiyasta shekarunta kamar yadda ake duba takalmi. Takalmi in bai yage ba, yana nan da ransa. Waya kuwa tana da wani agogo da ya fara tafiya tun ranar da kamfani ya fitar da ita kasuwa, ko ana amfani da ita ko tana kwance a kwali. Agogon nan shi ne wa'adin facin tsaro.

A Yulin 2015 aka bayyana wata ɓaraka a Android da aka yi wa laƙabi da Stagefright, wadda ta sa ana iya kai wa waya hari ta hanyar saƙon bidiyo kawai. Bayanta ne Google da Samsung suka fara fitar da facin tsaro wata-wata. Tun daga lokacin kowane wata ana gano sababbin kafofi a tsarin ana toshewa. Kamfani kuma ba ya yin wannan aikin har abada. Kowace waya akwai shekarun da aka ɗiba mata, kuma yawanci tazarar facin tana ƙaruwa idan ta tsufa, daga wata-wata zuwa wata uku-uku, kafin a daina ɗungurungum.

A52s ta fito da Android 11, an yi mata alƙawarin manyan sabuntawa uku da facin tsaro na shekara huɗu. Ukun sun ƙare a Android 14. Huɗun kuma za su cika a 2025. Wato ranar da muke riƙe da ita, abin da ya rage mata bai kai shekara guda ba.

A farkon 2022 Samsung ta tsawaita alƙawarinta ga wasu wayoyi zuwa manyan sabuntawa huɗu da facin tsaro na shekara biyar, kuma Galaxy A53 5G, wadda aka gabatar a Maris na shekarar, tana cikinsu. Ta fito da Android 12, alƙawarin zai kai ta Android 16, facin kuma har 2027. Wata bakwai ne kawai tsakanin fitowar wayoyin biyu, amma a sauran kwanansu tazarar ta haura shekara ɗaya da rabi. Abin da ke ruɗin mai saye shi ne a Nuwamban 2024 duka biyun Android 14 suke nunawa, kamanninsu kusan ɗaya, girman fuskarsu ɗaya. Ka ajiye su a tebur ba abin da zai gaya maka ɗaya ta kusa sauka, ɗaya kuma da sauran tafiya.

Sai na yi wa ƙanwata lissafi irin nata na ofis. Na ce ta raba kuɗin kowace waya da watannin da suka rage mata. Ta farko wata goma ko kusa da haka, ta biyu wata ashirin da wani abu. Ko da ta biyun ta fi tsada da rubu'i, kowane wata nata ya fi arha nesa ba kusa ba. Ta yi shiru tana dubawa, sannan ta yi tambayar da ta dace: "To in facin ya tsaya, wayar mutuwa za ta yi?"

Ba za ta mutu ba, kuma bai kamata a tsorata mutane da abin da ba haka yake ba. Kira zai shiga, hoto zai ɗauku. Chrome da WhatsApp da sauran manhajoji za su ci gaba da sabuntuwa ta Play Store na tsawon shekaru. WhatsApp a lokacin yana aiki har a kan Android 5.0, wanda ya fito tun 2014. Daga Android 10 kuma Google tana iya gyara wasu sassan tsarin kai tsaye ba tare da jiran kamfanin wayar ba. Wanda zai sayi waya don kira da kallo da sauraro, ba ya ajiye kuɗi a kanta, A52s mai lafiyayyar fuska za ta yi masa hidima sosai, kuma ba zan hana shi ba.

Amma akwai sassan da kamfanin wayar kaɗai ke iya taɓawa: zuciyar tsarin, da abin da ke sarrafa furosesa, da Bluetooth, da na'urar kama sabis. Ɓarakar da aka gano a can bayan wa'adi ya cika za ta zauna a buɗe, kuma bayaninta yana fili ga duk mai son karantawa, har da ɓarayi. Ga wadda kuɗin kamfani ke ratsa wayarta kullum, ban ga dalilin sayen gidan da na san an kusa daina gyara ƙofarsa ba. Wata guda bayan cinikinmu, a Disamban 2024, Google ta sanar da canji a tsarin Play Integrity, wanda manhajoji ke amfani da shi su tantance lafiyar waya. Daga Mayun 2025, a wayoyi masu Android 13 zuwa sama, matakin tantancewa mafi tsauri yana buƙatar facin da bai wuce shekara guda ba. Ba kowane banki ne ke neman wannan matakin ba, zaɓin masu manhajar ne, amma an ga inda iskar ta dosa.

Waya ta biyu

A kwana na bakwai wani abokin aikina ya ji muna neman A53, ya ce yana da ita a aljihun tebur tun da ya canza waya wata biyu da suka wuce. Baƙa ce, bayanta duk ƙwarzane, kusurwa ɗaya ta lotsa inda ta taɓa faɗuwa. Da ƙanwata ta gan ta fuskarta ta canza. Kusa da farar nan ta farko, wannan kamar 'yar aikin gida take.

Sai dai ya zo da kwalinta da rasit mai kwanan watan Yunin 2022, kuma lambar IMEI ta kwalin ta yi daidai da ta wayar. Shi ya saye ta sabuwa, shi kaɗai ya riƙe ta. Ya bar mana ita kwana biyu mu gwada, abin da baƙo ba zai taɓa yi ba, kuma kwana biyun nan sun fi duk wata dabarar gwaji amfani.

Baƙi ya fito baƙi ƙirin. Yatsa ya kama a karon farko. Na buɗe farin shafi da toka-toka don neman inuwar da AMOLED ke bari idan abu ɗaya ya daɗe a wuri guda. Akwai ɗan alamar agogo da batir a can sama, sai an ƙura ido ake gani. Na zare tiren sim na haska ramin da tocila. A ciki akwai ɗan tambari fari da ke rikiɗa ya koma ja ko ruwan hoda idan ruwa ya taɓa shi. Fari yake. Na buɗe Secure Folder, keɓantaccen wurin ajiya mai makulli a cikin wayar, ya buɗe. Wannan gwajin yana da muhimmanci a wayoyin Samsung, domin idan an taɓa ɓalle makullin tsarin aka ɗora wani na daban, akwai wani fis a cikin Knox, tsarin tsaron Samsung, da ke ƙonewa, ba ya gyaruwa, kuma Secure Folder ba ya ƙara aiki. Na ɗora wayar a kan gilashin tebur na danna kusurwoyinta in ga ko za ta yi rawa, na duba gefen murfin baya ko ya ɗago, domin ta haka ne batirin da ya kumbura yake fara nuna kansa. Lafiya lau.

Batirin dai ya gaji, kuma wannan ba abin mamaki ba ne. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Batirin litiyam yana raguwa da kowane zagayen caji, zafi kuma yana ƙara masa saurin tsufa. Apple, alal misali, ta ce an tsara batirin iPhone 14 da waɗanda suka gabace ta ya riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Mai cajin waya kullum yana cika 500 ɗin kafin shekara ɗaya da rabi, wannan kuwa ta yi shekara biyu da 'yan watanni a hannun mutumin da ba ya ajiye waya. Manhajar Samsung Members ta nuna batirin a matsakaicin hali. Na saka AccuBattery, wadda ke auna abin da ke shiga batir yayin caji, bayan caji uku ta ƙiyasta kusan kashi 80 na 5,000 mAh ɗin asali. Ƙiyasi ne, ba awon ɗakin gwaji ba, amma ya yi daidai da abin da muka gani: daga safe zuwa la'asar.

Na gaya wa abokin nawa gaskiya cewa za mu canza batir nan ba da daɗewa ba, na roƙe shi ya cire kuɗinsa daga farashin. Bai yi musu ba. Ina ganin duk mai sayen wayar da ta haura shekara biyu ya kamata ya sa kuɗin batir a lissafinsa tun farko, ya kuma tabbatar ana samun na kirki kafin ya biya. Tsohon batir ba gajartar rana kaɗai yake jawowa ba. A Janairun 2025 Google ta tura wa Pixel 4a, wayar 2020 da wa'adinta ya cika tun 2023, wata sabuntawa da ta rage ƙarfin batir da saurin caji a wasu daga cikinsu, ta kuma ba masu su zaɓin canjin batir ko diyya. Wanda ya sayi irinta sakan a watan da ya gabata bai san da wannan a cinikinsa ba.

Akwai abin da ƙanwata ta rasa da wannan zaɓin, kuma na faɗa mata kafin ta biya. Furosesar Exynos 1280 da ke cikin A53 manyan ƙwayoyin aiki biyu gare ta da ƙanana shida, Snapdragon 778G kuwa huɗu da huɗu. Don haka tsohuwar ta fi sabuwar sauri, kuma ana ji a hannu. A53 ba ta da kafar iyafis, sai an sayi ɗan mahaɗi na USB-C. Ba ta zo da kan caja a kwali ba tun asali. Ta auna, ta ce ita rasit take ɗauka ba tsere take ba, ta amince.

Inda muka faɗa

Ranar biyan kuɗi abokin nawa yana sauri zai yi tafiya. Ya karɓi wayar ya ce bari ya goge ta tas, ya kashe ta, ya danna maɓallan gefe ya shiga shafin gyara, ya goge daga can. Ina tsaye ina kallo, kuma na san abin da hakan ke jawowa, amma hankalina yana kan tura kuɗin. Muka yi sallama.

Da daddare ƙanwata ta kira: "Yaya, wayar ta ce sai na saka akawun ɗin Google na mai ita."

Tun Android 5.1, a 2015, akwai kariyar da ke hana ɓarawo goge wayar sata ya ci moriyarta. Idan aka goge waya ta shafin gyara alhali akwai akawun ɗin Google a kanta, da ta tashi sai ta nemi makullin fuskar da ke kanta a da ko wancan akawun ɗin. A kwana biyun gwaji mun saka makulli da akawun na ƙanwata, amma makullin fuskar mai ita ne ya canza shi da safen nan kafin ya goge, akawun ɗinsa kuma yana ciki bai cire ba. Nata akawun ɗin ma na riga na cire shi da kaina don ta fara a tsaftace. Hanyar da ta dace ita ce mai wayar ya shiga saitin ya cire akawun ɗin Google da na Samsung, ya cire makullin fuska, sannan ya goge ta daga cikin saitin. Mai saye kuma kada ya biya sai wayar ta tashi, an haɗa ta da intanet, ya shiga da nasa akawun ya ga fuskar gida da idonsa. Duka bai fi minti goma sha biyar ba.

Na kira shi a hanya. Lambar da ya saka da safe cikin sauri ta kwanta masa, kalmar sirrin akawun ɗin kuma ya shekara bai rubuta ta ba. Sai da ya sake sabuwa ta lambar wayarsa. A nan ma akwai jira, domin Google ta ce wanda ya canza kalmar sirri ya bari awa 24 ta wuce kafin akawun ɗin ya yi aiki a irin wannan yanayin. Ƙanwata ta sake kwana biyu tana aron waya. Da ya dawo ya zo har gida ya shiga da kansa, yana ta cewa, "Ki yi haƙuri ƙanwata, laifina ne." Laifin namu ne mu biyu, ni da shi.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne: da farar wayar nan ce, daga hannun mutumin da lambarsa kaɗai muke da ita, da shi ke nan. Akwai masu cewa suna ɓalle wannan kullen, amma miƙa wayar da za a yi harkar banki da ita ga wanda zai ɗora mata abin da ba ka sani ba ya rushe duk dalilin da ya sa muka zaɓe ta.

Bayan shekara guda

An canza batirin a Maris na 2025 a wurin gyara mai izinin kamfani. Ya fi tsada a can, amma batirin na asali ne kuma sun mayar da murfin da gam ɗin da aka yi domin sa. Duk da haka na ce mata ta ɗauka wayar ba ta jure ruwa, ta kiyaye. Yanzu tana kai ta dare. Android 15 ya iso mata a 2025, facin tsaro kuma yana zuwa. Ta saka mata riga, ƙwarzanen bayan ya ɓuya. Kyamarar takan ɗan yi jinkiri kafin ta buɗe, ta saba da shi. Kafar iyafis ce kawai har yau take ambata, ta kuma ɓatar da mahaɗi biyu.

Masu sayen sakan na gaba za su fi mu samun sauƙi. Daga 20 ga Yunin 2025 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa wayoyin da ake shigarwa kasuwarta batirin da zai riƙe kashi 80 bayan caji 800, da kayan gyara na shekara bakwai, da sabunta tsari na aƙalla shekara biyar bayan an daina sayar da samfurin. Amma wayoyin 2020 zuwa 2022 da suka cika hannun masu sayarwa yanzu an yi su ne kafin wannan, kowace da nata wa'adin, wasu ya riga ya cika.

Ƙanwata ta rubuta "Maris 2027" a bangon littafin lissafinta, kuma tun watan da aka canza batirin take ware wani abu kowane ƙarshen wata. Da na tambaye ta wace za ta saya in lokacin ya yi, ta ce ba ta sani ba tukuna, amma ta riga ta fara duba waɗanda suka fito a 2024 da shekarun da aka ɗiba musu.